Uzurin da Na Yi wa Lamba ta Biyar

Shekarar da ba wanda ya tafi Makka daga Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan kudu, ita nake nufi. Maniyyatan da suka riga suka ɗinka kayan tafiya suka naɗe suka mayar cikin akwati, aka rufe masallacin Juma'a, aka rufe makarantu har da ajinmu na manya, motocin fasinja suka yi cirko-cirko a tashar Ojoo. Korona ce ta zo. Ku ƙanana ma kun tuna takunkumin da Innarku ta ɗinka muku da ragowar atamfa. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi ƙafar Isiyaku mai albasa ta tafi. Na ji abin da ake gaya muku a waje, wai ubanku ya mayar da kansa likita ya cuci mutum. Ban mayar da kaina likita ba. Amma da hannuna a ciki, kuma gara ku ji daga alƙalamina.

Ni dillalin goro ne kamar mahaifina, kuma aikin dillali a Sabo tsayawa ne. Falke ya zo daga arewa bai san kowa ba, Bayaraben da ya kawo goro daga gona bai san falke ba, kai ne ka san su duka, sai ka ce, na tsaya masa. Mahaifina ya koya mini abu ɗaya a kan haka. Mutumin da ya taɓa cika maka alkawari, in ya saɓa, ba ka yar da shi sai ka ji daga bakinsa. Wataƙila mota ce ta lalace, wataƙila rasuwa aka yi masa. A yi masa uzuri. Da wannan na ci abinci shekara da shekaru, ban taɓa yin da-na-sani ba. Na yi karatun allo ina yaro, boko kuwa sai da furfura ta fara leƙowa na shiga ajin manya na bayan la'asar. A nan muka zauna benci ɗaya da Isiyaku, wanda tun muna samari muke tare, yana sayar da albasa a Kasuwar Bodija. Shi mai saurin ganewa ne da saurin mantuwa. Ni kuwa sai in yi rabin awa a kan layi biyu, har ya sa mini suna Hawainiya. Amma in na gama, rubutuna ake ɗagawa a nuna wa aji.

Yayarku Rabi tana makarantar koyon aikin lafiya lokacin, aka sallamo su gida. Kwana da kwanaki tana sunkuye a kan waya, har Innarku ta fara faɗa. Ashe wani dogon jeri ta samu, wanda wasu bayin Allah a ƙasashe daban-daban suke tarawa, na manhajojin lafiya da ake sauke su a waya kyauta saboda annobar. Yawancinsu na manyan asibitoci ne, ba su da amfani gare mu. Ta tsince guda bakwai masu aiki a ƙananan wayoyi irin namu, ta kawo mini ina zaune ina gyaran goro.

"Baba, kai za ka riƙe wannan."

"Ni me na sani a ciki?"

"Ka iya karanta suna, ka iya danna waya, rubutunka kuma ya fi nawa kyau. In ni na faɗa, cewa za su yi yarinya ce take wasa da waya. Kai kuwa ko tsakuwa ka ce goro ce sai sun tauna."

Na sayi sabon littafi, na kwafe su da lamba. Ta farko tambayoyi take yi maka game da tari da zazzaɓi, ta gaya maka ka zauna gida ko ka nemi gwaji. Ta biyu tana nuna inda ake gwajin. Akwai mai tuna wa mutum lokacin shan magani, akwai ta masu juna biyu, akwai wadda masu suga da hawan jini suke ajiye awonsu a ciki. Ta biyar ita ce wadda kowa ya fi so, ka tura hoto ko murya, likita na gaske ya amsa maka, ba ka biya komai ba. Da na gama na rubuta a ƙasa, Haruna dillali ya tsaya wa wannan takarda. Rabi ta ce in goge. Na ce takardar da ba mai tsaya mata wa zai karɓa a Sabo? Ta ɗaga kafaɗa ta ƙyale ni. Na kai aka buga kwafi, na manna a ƙofar rumfa da bangon masallacin layinmu, na kuma karanta jerin da murya na tura a zauren waya na 'yan kasuwa, saboda waɗanda ba su karatu.

Daga ranar hutu ya ƙare mini. Ana cewa a yi nesa da juna, ni kuwa zaurena ya fi gidan suna cika. Wannan wayarsa ta cika, in ce a goge wani abu, ya ce kada a taɓa masa wa'azi, kada a taɓa hotunan biki, kada a taɓa damben da ya ajiye tun bara. Wancan ya zo da 'yar ƙaramar waya mai tocila, ya dage sai na sa masa duka bakwai ɗin, da na ce ba za ta ɗauka ba ya tafi yana cewa ina nuna bambanci. Wani dattijo ya ɗora waya a ƙirjinsa yana jira ta auna shi. Wani ya ja ni gefe ya tambaya ko akwai wadda za ta nuna masa in maƙwabcinsa yana da cutar, ba tare da maƙwabcin ya sani ba. Alhaji Mudi mai maganin gargajiya ya zo sau uku yana so in sa jiƙonsa a lamba ta takwas. Na ce masa jerin na abin da ke cikin waya ne. Ya ce ai shi ma yana da waya. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida, amma a watannin nan na san haƙuri yana da gindi, na kusa taɓa shi. In na shiga cikin gida in sha ruwa, sai Innarku ta bi ni da baki.

"Sannu Dokta. Marasa lafiyarka suna jira. Ko in ce musu kana tiyata?"

Ita ce kuwa ta fara cin amfanin lamba ta biyar. Ta yi kwana uku tana ciwon kai da jiri, tana cewa rana ce. Rabi ta sa ta yi bayani da murya, kafin azahar wata likita ta amsa, ta ce a je kemis a auna jininta yau, kada a bari gobe. Aka je, ashe ya hau sosai. Aka ɗora ta a kan magani. Tun daga ranar lamba ta biyar ta zama a wurina kamar falken da ya cika alkawari a lokacin tsanani.

Ba a daɗe ba wani ƙaramin asibiti a Akinyele ya nemi ɗalibai su taimaka, Rabi ta tafi. Tana ɗaure jaka tana yi mini karatu kamar ita ta haife ni.

"Baba, irin waɗannan abubuwa mutuwa suke yi. Yau suna aiki, gobe babu. Kowace Juma'a ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya ka gwada. Wadda ba ta yi ba, ka ja mata layi a ranar, ka sanar."

"Ko sau ɗaya ne ta ƙi?"

"Ko sau ɗaya."

"To, na ji."

Na kuwa riƙe aikin. Tunda ba zuwa masallaci, da na idar da azahar a gida sai in shimfiɗa tabarma, in buɗe littafi, in bi su. Mako na uku lamba ta biyu ta ce sai an biya kafin ta nuna komai. Ban yi wata-wata ba na ja mata layi, don ita da bakinta ta faɗa. Na buga sabuwar takarda, na sake tura murya. Amma tsohuwar takarda ba ta mutuwa. An yi mata kwafi a Bodija, an yi wa kwafin kwafi, direbobin motocin abinci sun tafi da ita arewa sun dawo da ita. Mutum ya zo yana yi mini tsiya a kan lamba ta biyu, in ce na cire ta tuntuni, ya zaro takarda daga aljihu ya ce to wannan sunan wane ne? In ce ya duba sabuwa, ya ce shi wannan aka ba shi. Haka nake fama.

Sai wata Juma'a na gwada lamba ta biyar. Na yi sallama, na ce Haruna ne daga Sabo, gwaji nake yi. Nan take rubutu ya fito da Turanci, wanda na riga na haddace ma'anarsa, an karɓi saƙonka, likita zai amsa ba da daɗewa ba. Na jira har magariba, shiru. Asabar shiru. Na ce a raina, mutanen nan aiki ya yi musu yawa, gari duk ciwo. Juma'a ta zagayo na sake gwadawa, rubutun nan ya sake fitowa, likita bai zo ba. Na ɗauki biro, na ɗora a kan layin. Ina iya tuna yadda na riƙe shi. Sai na ce, wanda ya amsa maka sallama ai yana gida. Bai ce ya daina ba, cewa ya yi in jira. Mutanen da suka taimaki matata ba su san ni ba, in soke su a gaban jama'a don sun yi jinkirin mako ɗaya? Na ajiye biro. Ban sani ba ashe ba mutum ne yake amsa sallamar ba, na'ura ce aka bari tana maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya ƙwanƙwasa. Rabi ta kira ni ranar, ta ce yaya jeri, na ce lafiya lau. Na san abin da za ta ce in na gaya mata, shi ya sa ban gaya mata ba.

Ranar Litinin da hantsi Isiyaku ya shigo rumfa yana ɗingishi, ƙafar hagu a naɗe da tsumma. Ƙusa ya taka a Bodija wajen sauke buhuna, kwana huɗu ke nan. Yana da ciwon suga, na sani, kowa ya sani, ya kuma ce jikinsa yana ɗan zafi da yamma. Ya zauna a kan benci ya miƙe ƙafar.

"Hawainiya, likitocinka sun yi barci ne? Shekaranjiya na tura musu hoto, har yanzu cewa suke in jira."

"Ka je asibiti mana."

"Da zazzaɓi? Kana so su ɗora mini bindigar awon zafin nan a goshi su ce korona ce, su kulle ni mako biyu, albasa mota guda ta ruɓe? Ka ga abin da aka yi wa mai doyar nan, har matarsa ba a bari ta gan shi ba."

"To ka ƙara haƙuri, suna amsawa. Su ne suka gano ciwon Innar yara."

Ya dube ni yana murmushi, ya ɗauki goro ɗaya a faifai ba tare da ya tambaya ba, kamar kullum.

"Ka tsaya musu?"

"Na tsaya."

"Shi ke nan. In ƙafa ta ruɓe, taka zan ara, ko da yake ba ta sauri."

Muka yi dariya. Yana fita na ce masa in abin ya daɗe ya leƙa kemis, amma da rabin baki na faɗa, shi ma da rabin kunne ya ji. Ban gaya masa nawa saƙon ya yi kwana goma ba amsa ba. Wannan ne wurin da nake so ku riƙe. Da na ce masa, Isiyaku, ni ma shiru na ji, da ya yi tsaki ya nemi wata hanya, don shi ba mai jira ba ne. Jiran da ya yi nawa ne, ni na ba shi aro. Na kira shi Laraba, ya ce yana gasawa da ruwan gishiri. Na kira shi Juma'a, ya ce da sauƙi, muryarsa kuwa ba ta ce haka ba. Ranar na gwada lamba ta biyar karo na uku, na kuma ce bari in ƙara mata mako ɗaya.

Lahadi da rana Rabi ta zo gida wanki. Ko zama ba ta yi ba Talatu matar Isiyaku ta shigo, ta ce don Allah ta zo ta duba ƙafar mai gidanta, ɗaki ya fara wari. Rabi ta tafi da takalmin wanka. Ba ta dawo ba, sai aiko mini ta yi cewa sun wuce babban asibiti a tasi. Bayan la'asar ta shigo, ta wanke hannu ta daɗe tana wankewa, sannan ta zo ta tsaya a kaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe wancan babban jerin a wayarta ta nuna mini. Masu kula da shi sun soke lamba ta biyar kusan mako uku da suka wuce, sun rubuta dalili a gefe. Likitocin sa kai ne suke amsawa, an kwashe su zuwa cibiyoyin killace marasa lafiya, ba wanda ya rage yana karanta saƙo.

"Baba, ka gwada ta?"

"Na gwada."

"Ta amsa?"

"Ta ce in jira."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta dafe kai. Ta faɗi wata magana da Yarbanci wadda na yi kamar ban ji ba.

"Baba, in ka buɗe huhun goro ka ga sankara ta kama ɗaya, uzuri kake yi masa? Barinsa kake yi ya ƙara mako?"

"Goro ba mutum ba ne. Wannan akwai mutane a bayanta."

"Babu kowa a bayanta! Mutumin yana gabanka, a kan bencinka ya zauna!"

Innarku tana bakin murhu tana ji. Na jira ta tsawata wa 'yarta, ba ta yi ba. Tsokanar Dokta ma daga ranar ban sake jin ta ba.

An fara cire wa Isiyaku yatsu biyu, ruɓar ba ta tsaya ba, aka yanke daga ƙasan gwiwa. Gwajin korona da ya guje wa an yi masa, ba ya da ita. Ba a barin masu dubiya, sai da aka sallamo shi na je. Talatu ta amsa sallamata daga bayan labule, ba ta fito ba. Na same shi a kan katifa ya jingina da bango, ya rame, an rufe ƙafar da zane. Na yi masa sannu, ya amsa. Na fara bayani, na ce na'ura ce, na ce likitocin an kwashe su, na ce ni ma ban sani ba. Ya bar ni na gama tsaf.

"Haruna, ni ban tambayi waya ba. Kai na tambaya."

Na ajiye goron da na kawo, na fito.

Innarku ta ce in ƙona littafin in huta. Rabi ta ce in ba ta, za ta nemi wani ya riƙe. Na ƙi duka biyun. Na ɗauki waya na yi murya a zauren 'yan kasuwa, na ce lamba ta biyar ta mutu, na san ta yi shiru Juma'a uku ban faɗa ba, laifin nawa ne, duk mai rauni ko zazzaɓi ya tafi asibiti kada ya jira waya. Na bi Sabo da ƙafa ina ɓamɓare tsofaffin takardu, na shiga Bodija rumfa-rumfa ina karɓa, wasu suna ba ni, wasu suna cewa tasu ce ba za su bayar ba. Sabuwar da na buga ban sa sunana ba, ranar da na gwada kawai na rubuta a sama. Mutane suka dube ta suka ce wannan ta wace ce, ba mai tsaya mata? Alhaji Mudi ya samu abin faɗa a kowace majalisa, wai da an sa jiƙonsa da ƙafar tana nan. Duk da haka na ci gaba kowace Juma'a, har bayan an buɗe masallaci. Na soke uku a cikin watannin, na ƙara biyu da Rabi ta turo. Ɗaya cikin waɗanda na soke ta dawo aiki bayan kwana biyu, na mayar da ita, ba wanda ya mutu don an soke shi bisa kuskure. Da annobar ta lafa mutane suka daina tambaya, na rufe littafin.

Ga abin da ya tafi, ban rage ba ban ƙara ba. Isiyaku ya rasa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Rumfarsa ta Bodija ƙaninsa ne yake zama a ciki yanzu. Da aka buɗe ajin manya bai dawo ba, a littafi na biyu ya tsaya. Fatake biyu da suka gaji hulɗa da gidanmu tun zamanin mahaifina sun koma wurin wani dillali, ba su faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Talatu ba ta sake taka gidanmu ba, ko bikin Rabi ba ta zo ba. Shi Isiyaku bai yanke ni ba. Ina zuwa gaishe shi kowace Sallah, yana amsawa, yana sa a kawo mini ruwa, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Malam Haruna yake ce mini yanzu. Tun muna samari bai taɓa ce mini malam ba sai bayan ƙafar.